Murafan Kwalba Sittin na Malam Gana

Ƙarfe bakwai da kwata yake wucewa ta ƙofar shagona. Shekara goma sha ɗaya ina ganin haka, har na daina duba agogo idan na hango shi da farar shaddarsa da ta sha wanki, baƙar jaka a hammata. Da ƙafa yake tahowa tun daga gidansa na Fagge, don ya ce kuɗin adaidaita sahu sun fi amfani a tukunyar matarsa, Hajiya Huseina. Zai yi mini sallama, ya tambayi lafiyar injina kafin ya tambayi tawa, sannan ya tsallaka titi ya shiga ƙaramin ofishin harajin da ke kallon shagona, tsakanin Bata da bakin Sabon Gari. Sunana Ruwaida, fotokwafi nake yi, kuma kusan duk takardar da za ta shiga ofishin nan sai ta fara bi ta hannuna.

Abu biyu Malam Abdulƙahhar Gana yake yi kafin ya zauna. Zai murza hatimin kwanan wata zuwa ranar da ake ciki, ya buga a 'yar takarda ya duba. Sannan ya rataye wata wayar keke a ƙusar bakin ƙofa. A jikin wayar akwai murafan kwalbar lemo guda sittin da ya huda ya jera, kowanne da lambarsa da jan fenti. Duk wanda ya zo neman takardar shaidar biyan haraji zai zare murfin da ke sama, ya zauna a benci har a kira lambarsa. Iyakar dabarar ke nan, ba wani wanda ya umarce shi da ita.

Ranar Alhamis da ta wuce ya yi ritaya bayan shekara talatin da biyar, kuma tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Sai in tashi in leƙa titi, in dawo, in sake tashi. Ya bar aiki a mataki na takwas, alhali waɗanda suka shigo tare da shi suna na sha uku da sha huɗu, fansho kuwa da mataki ake lissafa shi. Na san dalilin da ya sa ya tsaya a takwas, domin a gabana aka yi, shi ya sa nake wannan rubutu da rabin zuciyata tana yabo, rabi tana tafasa.

Idan ka shiga Kasuwar Singa za a rantse maka cewa ɗan siyasa ba ya biyan haraji, talaka kawai ake matsa wa. Idan ka zauna da 'yan siyasar kuma, za su rantse cewa da haraji ake farautarsu duk ranar da suka ɓata da na sama. Ni da ke bakin ƙofa na ga duka biyun, kuma na gan su a kan mutum ɗaya.

Kakar zaɓe ce, shekara takwas da suka wuce. Duk mai son takara sai ya kai wa masu tantancewa shaidar ya biya harajin shekara uku, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓa. A irin wannan mako ne masu manyan riguna ke tuna akwai wani abu wai shi haraji. Ranar Laraba da safe Tochukwu ya zo shagona da rasiɗansa a leda. Haifaffen Sabon Gari ne, kayan gyaran janareta yake sayarwa, Hausarsa kuwa ta fi ta wasu 'yan Fagge daɗi. Kujerar kansila yake nema a wata ƙaramar jam'iyya, kuma kowace shekara yana biyan nasa a kan kari. Ya tsallaka ya zari murfi mai lamba sha huɗu.

Wajen ƙarfe sha ɗaya Alhaji Abdulnasir ya iso. Shago uku gare shi a Singa, kujerar da Tochukwu ke nema ita yake nema, kuma mutanen da ke riƙe da gari a lokacin nasa ne. Bai kalli benci ba, ya wuce kai tsaye ya dire takardunsa a tebur. Malam Gana ya gaishe shi da kyau, ya nuna masa wayar keke.

"Malam, anya ka san ni kuwa?" in ji Alhaji.

"Na san ka, Alhaji. Shi ya sa zan sa a kawo maka kujera maimakon benci. Amma lambarka talatin da ɗaya."

Alhaji bai zauna a kujerar ba. Ya shige ɗakin shugaban ofishin, ba a jima ba aka aiko kiran Malam Gana. Ni kuma na kawo wa shugaban wasu takardu da na buga masa, ina tsaye a bakin ƙofa ba wanda ya kula da ni. Buƙata biyu aka gabatar. Ashe a safiyar ranar Alhaji ya biya harajin shekara ukun a dunƙule, to ana so a mayar da hatimi baya a rarraba kwanakin, ya zama kamar kowace shekara ya biya a lokacinta. Ta biyu kuma, fayil ɗin Tochukwu ya ɗan huta a durowa zuwa Litinin. Shugaban ya ɗora hannu a kan wata takarda, ya ce jerin sunayen masu samun ƙarin girma ne, bai riga ya sa hannu ba, kuma ya ga sunan Malam a ciki.

Na ɗauka Malam Gana zai yarda. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, da safe na murza hatimin nan, ba na sake taɓa shi sai gobe. Sha huɗu kuma yana gaban talatin da ɗaya."

Kafin azahar Tochukwu ya fita da takardarsa. Bayan la'asar aka kira talatin da ɗaya, aka ba Alhaji tasa da kwanan watan ranar, ya karɓa yana zage-zage har cikin mota. Duk da haka ya tsallake tantancewa, ya kuma ci zaɓen. Tochukwu ya faɗi, amma ya sha gaya mini bai ji ciwo sosai ba, tunda masu ƙuri'a ne suka ƙi shi. Jerin sunayen ya fito ba sunan Malam Gana, aka kuma ɗauke shi daga teburin aka mayar da shi ɗakin baya, inda ake jibge tsofaffin fayiloli, ba fanka, ba taga ta kirki.

Na je na same shi a can, na ce masa abin nan zalunci ne ƙarara, ya rubuta koke. Ya yi dariya ya ce ai ya huta, domin gara ce kaɗai abokiyar aikinsa yanzu, ita kuwa ba ta zuwa da takarda daga sama. Ya sayo fenti da kuɗinsa ya rubuta wa kantoci lamba, ya kakkaɓe fayiloli ɗaya bayan ɗaya ya jera su. Wayar keken ma ya tafi da ita, ya rataye a ƙofar ɗakin, ko da yake wani yinin mutum biyu ne kawai za su zo.

Bayan shekara huɗu al'amura suka juye. Mutanen da Alhaji Abdulnasir ke bi suka rasa gari, aka kawo sabon shugaba ofishin, aka kuma shiga neman abin da za a riƙe Alhaji da shi. Shawarar da aka yanke ita ce a ce bai taɓa biyan komai ba, ya yi takara da takardar bogi. Abu ɗaya ya rage: a sa fayil ɗinsa ya ɓace daga ɗakin baya. Aka kira Malam Gana cikin fara'a, don kowa ya ɗauka an kawo masa ranar ramuwa har gida. Aka yi masa alkawarin mataki biyu a lokaci ɗaya.

Zan faɗi laifina a nan. Da ya ba ni labari, ni ce na fara cewa ya karɓa. Na tuna masa zafin ɗakin, na tuna masa 'ya'yansa mata biyu da ke jami'a, na tuna masa zagin da Alhaji ya yi masa a gaban jama'a.

"Baba, ai ba ƙarya za ka yi ba," na ce. "Shiru kawai za ka yi."

"Ruwaida, mutumin nan ya biya ko bai biya ba?"

"Ya biya, amma..."

"To yana kanta ta bakwai, jere na uku. Buga mini kwafi biyu."

Da kansa ya ɗauko fayil ɗin, ya tsaya a kaina har na gama, ya biya ni daga aljihunsa duk da na ce ya bari. Ya kai wa shugaban kwafi ɗaya, ya aika ɗaya ga masu binciken da aka sa a kan Alhaji, ya mayar da na asali kanta ta bakwai. Da masu binciken suka gwada takardar da bayanin banki, kwanan wata ya zo daidai, rana ɗaya, ba bambanci. Da a ce Malam ya mayar da hatimin baya shekara huɗu kafin nan kamar yadda Alhaji ya so, da wannan takardar ce za ta kai Alhajin gaban alƙali. Maganar ta mutu a nan. Ƙarin girman Malam ma ya sake mutuwa tare da ita.

Baba, bari in juyo gare ka, ko da yake na san ba ka son irin wannan. Kai ne wanda ɓangare biyu suka yi fushi da shi a kan aiki iri ɗaya. Kai ne ka hana a ɗaga ɗan siyasa sama da mai gyaran janareta, kai ne kuma ka hana a taka shi ranar da ya faɗo. Mai hatimin da ba ya komawa jiya, na sha jin ana cewa taurin kai ne da kai, ni ma na faɗa, kuma har yanzu ban gama janye maganar ba. Amma na lura 'yan Singa da 'yan Sabon Gari, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, idan suka ji kai ne a teburin sai su zauna a benci ba hayaniya, domin sun san ba wanda zai biyo ta bayansu ya riga su.

A shekarunsa biyu na ƙarshe an mayar da shi teburin gaba, ba don an tuba ba, sai don layi ya rikice an rasa mai gyara shi. Ranar Alhamis ɗin ritayar aka yi ɗan taro a harabar ofishin. Tochukwu ya zo da katan ɗin lemo, ya ce a sha a ba Baba murafan. Alhaji Abdulnasir ma ya zo, yanzu ya sake samun shiga wajen na sama, kamar yadda suke yi. Ya ja Malam gefe, ni da Hajiya Huseina muna kusa muna ji. Ya ce bai manta ba. Ya ce waya ɗaya zai buga, takardun fanshon Malam su hau saman tari, kuma ya san wanda zai iya gyara maganar matakin kafin a rufe fayil. Hajiya Huseina ta damƙe hannuna. Ni kuwa a zuciyata ina ta roƙon Allah ya sa wannan karon ya ce to.

"Alhaji, na gode," in ji Malam Gana. "Mutum nawa ne a gabana?"

Alhaji ya ce bai sani ba, amma suna da yawa.

"To su ma iyalansu suna jira."

Hajiya Huseina ta saki hannuna, ta je ta ci gaba da raba wa baƙi lemo. Ranar Litinin na rufe shago na raka shi kai takardunsa ofishin fansho. Aka ba shi 'yar takarda mai lamba ɗari biyu da sha biyu. Ya duba, ya sa a aljihu, ya nemi gefen benci ya zauna, har yana matsa wa wani tsoho wuri. Ni ce na kasa zama, ina ta kai da kawo a barandar kamar ni ce mai ritayar.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba: ban san ko zan iya abin da ya yi ba, kuma ban san wa zai zauna a teburin nan kakar zaɓe mai zuwa ba. Abin da ke hana ni sukuni ke nan. Amma duk mai hatimi a hannu, ko a ofishin haraji yake ko a asibiti ko a makaranta, ina roƙonsa ya gwada ko da na yini ɗaya ne, ya bar sha huɗu a gaban talatin da ɗaya, ya ji yadda abin yake.

Wayar keken tana shagona, domin da zai tafi ya ce ofishin sun ce ba sa buƙatarta. Na rataye ta a bakin ƙofa. Jiya mutum biyar suna jiran fotokwafi, sai ga wani mai babbar riga ya fito daga mota ya miƙo mini takardunsa ta saman kansu. Na nuna masa wayar. Da ƙyar na iya, Baba, a kan fotokwafin naira hamsin. Sai a lokacin na gane abin da ka yi shekara talatin da biyar kana ɗauka a ƙafa daga Fagge kowace safiya. Mun gode, Malam Gana. Allah ya saka maka da alheri, ya sa a kira ɗari biyu da sha biyu kana da ranka da lafiyarka.