Sallama a Gindin Tsamiyar Hajja Hawwa

Ban taɓa mantawa da ranar da idona ya fara sauka a kan tsamiyar nan ba. Ina cikin raksha, keke mai ƙafa uku, na dawo daga duba wani fili da bai yi ba, sai muka karya kwana ta bayan wani garejin taraktoci na hango ta. Inuwarta ta baje a ƙasa kamar an shimfiɗa darduma, ga wata sarƙa tana reto ita kaɗai a jikin babban reshe. Na ce wa direba ya tsaya. Ni da na tashi da littattafan soyayya na bakin kasuwa a ƙarƙashin matashi, kafin ƙafata ta taɓa ƙasa har na gama tsara labari: wani saurayi dogo mai farar jallabiya ne ya ɗaura sarƙar don wadda ta tafi ba ta dawo ba, kullum da yamma yana zuwa ya tsaya yana kallo.

Ashe sarƙar ta Usta Idris ce, makaniken garejin, gajere mai sanƙo da tumbi. Da ita yake ɗaga injin tarakta idan zai kwance shi.

Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, bari in gaya muku yadda abubuwa suke a lokacin. Ƙarshen shekarar 2023 ne, an gama yankan riɗi, ana kan dawa. Gadarif ta cika da mutanen da yaƙi ya koro daga Khartoum, daga baya na Jazira suka biyo su. Makarantu a rufe suke, an sauke iyalai a cikin azuzuwa. Ni ƙaramar mushrifa ce a wata 'yar ƙungiyar kula da yara ta unguwa, wato mai zagayawa ta gani da ido ta kawo rahoto. A samana akwai mudir, wato shugabanmu, Ustaz Babikir, shi ke sa hannu. Aikin da ya ba ni shi ne in samo wa ƙananan yaran da aka sauke a wata makaranta wurin wasa kusa, domin harabarta ta zama madafa da wurin shanya: murhun gawayi a kowane lungu, gangunan ruwa, igiyoyi ta ko'ina. Yaro ya ruga taku kaɗan sai a daka masa tsawa.

A cikin yaran akwai Rahaf, 'yar shekara biyar. Tun da suka baro Khartoum ba ta yi wa kowa magana ba sai uwarta, Ihsan, shi ma a kunne, kuma ba kullum ba. Duk inda Ihsan ta sa ƙafa, hannun yarinyar na damƙe da gefen tob ɗinta, wato lafayarta. Ihsan ta taɓa ce min, "Sa'adiya, yarinyar nan ce fa take hana mu barcin rana da surutu a gidanmu. Ki samo mana inda za ta sake ni ta ruga. Ko ba ta yi magana ba, in dai na ga ta ruga." Duk filin da na duba bayan wannan, da idon Rahaf nake duba shi.

Neman wurin wasa a garin nan ba wasa ba ne. Dole ya yi nisa da hanyar manyan motoci, kuma a kaka motocin riɗi ba inda ba sa bi. Kada ya zama bakin kwari, inda ruwa zai share shi da damina. Sai a duba ƙasa, domin baƙar lakarmu idan ta bushe tana tsagewa, ƙafar yaro ta shige, kunama kuma ta sami ɗaki. Bayan wannan sai inuwa, sai yardar mai fili, sai ta lajna, wato kwamitin unguwa. Filin ƙwallo samari sun riƙe. Lambun cikin gari ya yi wa mai goyo nisa. Wani fili mai kyau da na samu, ashe nan leburorin gona ke taruwa su jira motar da za ta kai su aiki. Tsamiyar ce kaɗai ta cika komai, ga ta kuma a bayan katangar makarantar.

Na gaya wa Usta Idris abin da ya kawo ni. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ni ba ni da matsala, sarƙa ko yau sai in cire. Amma filin na Inna ne. Ki je ki gwada sa'arki. Sai dai ki fara cin abinci, don ba a zuwa wurinta da yunwa."

Hajja Hawwa, mahaifiyarsa, na same ta tana soya bunnun jabana, wato gahawarmu, a tsakar gida. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ɗago.

"Ke 'yar gidan wa ce?"

Na faɗa mata.

"To, na san kakarki. Ita ba ta gaya miki tsamiya da masu ita ba?"

"Ta gaya min, Hajja. Amma ai Usta yana aiki a gindinta."

"Idris ƙato ne, kuma ba ya taɓa reshe sai ya yi bismillah. Yara kuwa za su zo su yi ta ihu a kan mutane da tsakar rana, wannan ya yi fitsari a gindi, wancan ya yi jifa. Wani abu ya taɓa ɗan baƙi, a ce Hawwa ce ta ba da fili. La, ya bitti, a'a 'yata. Sha jabanarki ki gai da gida."

Da na kai wa Ustaz Babikir labari, ya cire tabarau ya ajiye. "To me zan rubuta? An hana mu saboda aljanu?" Ya ce a kai mata liman ya yi mata bayani. Na ce a'a, Ustaz, duk littafin da na karanta ban taɓa ganin an sami yardar tsohuwa da hujja ba, sai dai a kai mata wanda zai shiga ranta. Ya dube ni ya girgiza kai. "Ke komai naki littafi. Je ki, na ba ki zuwa ƙarshen mako. In bai yiwu ba mu haƙura da makarantar nan."

Washegari da hantsi na ɗauki Ihsan da Rahaf muka je gaida Hajja. Ban yi maganar fili ba. Hajja ta miƙa wa yarinyar dabino, ta ƙi karɓa, ta ɓuya a bayan uwarta. Hajja ta yi mata wasa da Hausa, ta juya da Larabci, shiru. Ihsan ta ba ta labari a taƙaice, muryarta ƙasa-ƙasa. Hajja ta jima tana juya cokali a cikin finjali. Can ta dube ni ta ce, "Na gane wayonki, 'yar nan. Ku tashi mu je in nuna muku wurin, don kada ku ce rowa ce."

Da muka isa bakin inuwar ta tsaya, ta ɗaga hannu muka tsaya. Ta ce, "Bismillah. Assalamu alaikum, mutanen gida." Na ga Ihsan, 'yar birni, tana cije leɓe don kada ta yi dariya. Sai muka ji wata 'yar murya mai kaushi, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Habboba, su wa ke ciki?"

Rahaf ce, kuma ba a kunnen uwarta ta faɗa ba. Hajja take kallo. Habboba shi ne kaka da Larabcinmu. Ihsan ta dafe baki. Ni kuwa ƙirjina ya buga yadda ake rubutawa a littafi, na gane ashe gaskiya suke faɗa.

Hajja ba ta nuna ta ga wani abin mamaki ba. Ta ce, "Masu gida ne. Ba a ganinsu."

Yarinyar ta ɗaga kai ta dubi rassan, ta daɗe. Sannan ta ce, "In muka zo, za su gudu su bar gidansu?"

Hajja ta durƙusa a hankali, gwiwarta na ƙara, har fuskarta ta zo daidai da ta Rahaf.

"A'a. Ba mai korar kowa a nan. Sallama za mu yi, su matsa mana, mu yi wasa, mu koma. Su ma suna nan a gidansu. Yi musu sallama ki gani."

Rahaf ta saki tob ɗin. Ta matsa gaba kaɗan, ta haɗe ƙafafu kamar mai gaida malama, ta yi sallama da ƙarfi. Ta kasa kunne. Ta juyo fuska a ɓace.

"Ba su amsa ba."

"Sun amsa mana, kunnenki ne bai saba ba. Sun ce ki shigo, amma ban da fitsari."

Dariyar da yarinyar ta yi ce ta sa Usta Idris ya leƙo daga ƙarƙashin tarakta. Ta ruga cikin inuwar tana tsintar 'ya'yan tsamiya, ta cika hannu, ta kawo wa Hajja rabi. Ihsan ta zauna a ƙasa inda take tsaye, tana kuka tana dariya, Hajja na ce mata, "Halas, ya isa, kada ki tsorata min baƙuwa."

A nan tsaye Hajja ta gindaya sharuɗɗanta. Da hantsi a yi wasa, rana na takewa kowa ya fita. Bayan la'asar a dawo, kafin magariba a watse. Ba mai shiga sai da bismillah da sallama. Ba a zuba ruwan zafi a gindi. Ita da kanta za ta kawo gadonta na igiya ta zauna gadi, domin ba ta yarda da idon 'yan ƙungiya ba. Lajna ta amince a zama ɗaya. Liman ya ce bismillah da sallama ba su taɓa ɓata wa kowa wuri ba. Ustaz Babikir ya rubuta cewa an sami izinin masu fili, ya ɗago ya tambaye ni, "Dukansu?" Na ce dukansu, Ustaz.

Usta Idris ya mayar da sarƙarsa cikin gareji. Shi da abokan aikinsa suka rataye tsofaffin tayoyi da igiya, suka binne wasu rabi a ƙasa don tsalle, suka shafe su da ragowar fentin tarakta, ja da kore. Aka ɗebo yashi daga kwari aka rufe tsagar ƙasa. Iyaye mata suka fara zuwa da tabarmi da jabana, wurin yara ya zama wurin hirarsu. Abin da ya fi ba ni daɗi shi ne layin da yaran suke yi a bakin inuwa, kowa na ƙoƙarin sallamarsa ta fi ta ɗan'uwansa ƙarfi, Hajja na kan gado tana fassara musu amsa. Wani a ce masa ya wanke fuska, wata a ce an yaba kitsonta.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu babu fili da ba shi da mai shi, ko da kun ga babu kowa a kai. Kada ku je da niyyar kayar da tsoron mutane. Ku tambaye su ta wace ƙofa ake shiga, sau da yawa za su buɗe muku da hannunsu.

Su Ihsan sun koma Khartoum da hanya ta buɗe. Kwanan baya ta aiko min da saƙon murya. Rahaf tana firamare yanzu, har an naɗa ta alfa, wato mai tsawata wa masu surutu idan malama ta fita. Ba ta yi mako a kan muƙamin ba aka sauke ta. Malamar ta kira Ihsan ta ce ta yi haƙuri, duk ajin babu wanda ya kai alfar surutu.