Direban Motar Makaɗa

Carlyle Pouchet mutumin Trinidad ne, a Toronto ya tsufa yana tuƙin babbar mota. Duk shekara, ranar bikin kanibal, wato bikin kiɗa da rawa a kan titi, shi ke jan motar makaɗa sannu a hankali, 'yan rawa masu ado da gashin tsuntsu suna biye da shi. Ta madubi kawai yake hango su.

Da idonsa ya raunana ya ajiye tuƙi. Bana 'yarsa Marva ta kai shi bakin titi ranar bikin, ta ajiye masa kujera.

"Baba, ya ka gani?"

"Adon ya yi," in ji shi. "Amma direban nan sauri yake, zai gajiyar da matan da ke rawa."

Ya cinye gurasarsa ta roti, suka koma gida kafin a watse.