Rage Iska a Hanyar Gidan Amumune

Shekara goma sha bakwai ƙaramar motar nan tana hannuna, ba ta taɓa kwana da ni a daji ba. Baba ne ya koya mini halinta: in an zo bakin rairayi, a sauka a rage wa ƙafafunta iska don kada ta kafe.

Ranar da na ɗauko gawarsa daga asibiti a Mayahi, na tsaya daidai wurin. Na durƙusa da tsinken ashana, na bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ina sauraron iskar tana fita. Ban yi kuka ba. Bugu ɗaya ta tashi. Har muka shiga gari ina jiran ta kafe, ko na sami abin zagi. Ba ta kafe ba.