Jikan Biri da masu binciken asali

Bana shekara tara ke nan da muka kai Ustaz Usmanu makwancinsa a ƙauyenmu na kusa da Abu Na'ama. Tare muka tashi, tare muka koyi iyo a kogi, amma tun da ya fara koyar da ilimin halittu a Sinnar bakinmu bai ƙara zama ɗaya ba.

Tsutsar auduga ce ta haɗa mu. Wata shekara aka yi feshi a hawasha, gonakinmu na noman rani, tsutsa ta ƙi mutuwa. Na ce ikon Allah ne. Ya ce masu taurin ran ne suka tsira suka hayayyafa, kuma da haka halittu ke sauyawa sannu a hankali, abin da littattafansa ke kira taɗawwur. Na ce to ɗan Adam fa? Ya yi murmushi ya ce mu sha jabana, gahawarmu, tukuna. Kafin mako ya zagayo gari ya laƙaba masa Jikan Biri, shi kuwa amsawa yake yi har da ɗaga hannu.

Ni dai ina nan a kan bakana, daga ƙasa aka halicci Annabi Adamu. Shi kuma yakan ce bai taɓa musun Mahalicci ba, yadda Ya tsara aikinsa yake son ganewa. Mu yi ta ja har a kira la'asar, mu tashi mu yi alwala da buta ɗaya. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da samarinmu na yau. Gardamar tana nan, sai dai ta koma cikin waya, da Larabci, kuma kafin mutum ya rufe baki an fitar da shi daga addini. Na san dariya zai fara yi, amma abin zai dame shi.

Kwanan baya wasu dattawa daga Abu Hujar suka sauka gidana. Ɗansu na neman Hauwa, autar Usmanu, sun zo binciken asali yadda aka saba. Laƙabin da muka ɗauka wasa ya riga ya isa garinsu, kuma yarinyar ta kwana biyu ba ta cin abinci.

Babbansu ya ce, "Ya Hajji, gaya muna gaskiya, mi ne asalin ɗiyar ga? An ce ubanta da bakinai ya ce biri ya haife shi."

Na ce, "Kakan ubanta daga Sakkwato ya tako da ƙafa, tare da nawa. Usmanu kau ni ne abokin gardama tai, kuma ni na yi mai wanka. Na ga tabon sujada a goshinai. In akwai wanda ya fi ni sanin shi, ku tai ku tambaye shi."

Suka dubi juna, suka nemi a sa rana. Ni zan yi mata walicci.

Littattafansa gara ta ci rabi, ɗalibansa sun watsu a duniya. Abin da ya rage shi ne yarinyar nan mai yawan tambaya kamar ubanta, da sunansa da na tsinci kaina ina karewa, ni da na kwashe rayuwata ina ƙaryata shi. Allah ya jiƙanka, Usmanu. Yanzu duk abin da na faɗa a majalisa sai a ce haka ne, Hajji, kuma wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin wannan ba.