Jigidar da Ta Yi wa Jikata Yawa

Ni ba da kallo nike auna yaro ba. Tun ranar suna na ɗaura ma jikata jigida a ƙugu, kuma kowane wankan safe sai na sa yatsa tsakanin jigidar da fata. In ɗaya ya shiga da ƙyar, lafiya lau. In biyu suka shiga, akwai magana.

Shekarar da muka baro Tsamaye muka dawo cikin Sabon Birni saboda rashin kwanciyar hankali, yarinyar ba ta wuce shekara uku ba. Ba ta sakin zanena. Ko daga nesa ta ji ƙarar babur sai ta shige ƙarƙashin gado, sai na jawo ta ta ƙafa. Uwarta, matar ɗana, ta ce a kai ta makarantar ƙananan yara da ke bayan kasuwa. Na ce, wadda ba ta iya tsarki ba, mi za ta koyo? Uban ya ce a gwada, in na ga abin da bai yi mani ba in cire ta.

Ana gama girbin gero, yatsuna biyu suka shiga, har da saura.

Ni ke zuba mata ɗumame kullum, kwanon kuma yana dawowa fes kamar an wanke. Ga wani abu kuma: tana dawowa sai ta zube a tabarma ta yi barci, ita da ba ta runtsawa sai a jikina. Na ce ma uwar, "Ko malamar nan ke cinye abincin, ko suna ba su wani abu su yi laƙwas."

"Haba Inna, wasa ne ke gajiyar da ita."

"Wasa ke cin ƙugu? Gobe za ni in gani. In na tarar da abin da nike zato, ta gama zuwa."

Ban faɗa ma kowa lokacin ba. Na tsaya bayan katangar makarantar, inda damina ta rushe samanta. Yaran suna ta tsere a fili, kuma wadda ke gaba, baki buɗe tana ihu, jikata ce. Ban taɓa ganin ta yi gudu ba sai na tsoro.

Da aka baza tabarmi na ƙura ma hannun malamar ido. Ba ta taɓa kwanon kowa ba. Yaran ne ke cusa hannu kwanon juna, ɗumamena shi ya fara ƙarewa, tawa kuwa ta ɓige da biskit ɗin wani.

Sai ga babur na wani ɗan kasuwa ya ɗauko buhuna za shi Nijar, yana ruri. Har na ɗaga ƙafa in tsallaka. Yarinyar ta sandare, ta cafke hannun wadda ke gefenta. Malamar ta fara tafi tana waƙa, sauran suka amsa. Can sai tawa ta saki hannun, ta ci gaba da tauna. Ba ta waiga neman kowa ba.

Malamar ta hango ni. "Inna, ku shigo mana, rana ta yi zafi."

"Daga nan ma ina gani." Na faɗa mata zancen jigida.

Ta yi dariya. "Ku dubi rigarta, ta baro gwiwa. Tsawo take yi."

"Tsawo dabam, rama dabam. Kuma biskit ba abinci ba ne."

Ban cire ta daga makarantar ba. Na zare 'yan duwatsu daga jigidar na sake ɗaurewa daidai ƙugunta. Ɗumame na ninka shi, na ƙara ƙuli-ƙuli, tunda ashe ba ciki ɗaya nike ciyarwa ba. Yatsa kuwa har yau ina sawa, katangar ma ina zuwa ranar da na ga dama. Malamar ta ajiye mani kujera a wurin. Ba ni zama. In na zauna, ba ni hango tabarmin.