Mai zancen kumbo a tashar Buza

Ranar kasuwa ce, muna jiran motar Madawa ta cika. Kusa da mai shayi ga wani dogo zaune, tabarau ɗaure da zare, jaka bisa cinya, wata tsohuwa makauniya na riƙe da bakin rigarsa. Takalminsa na birni ne, amma ƙasar gona ta cinye shi. Ina jin karatun lakkwal mai nisa ya yi, aka kira shi gida.

Yana kara tafin hannu kusa da garwashi, sai ya kama magana, ba wanda ya tambaye shi.

"Masana sun taɓa gwada injin kumbo da wani ƙarfe mai zafi da kansa, wanda ke daɗewa bai huce ba. Zafin ya dafa iska, ta fita ta baya, kumbo ya yi gaba."

Na ce, "To Malam, a sa ma motar ga tamu mana, mu huta da turi!"

Ya yi murmushi. "Wani kumbon kuma, zafin jikinsa ta gaba yake fita, shi ke rage mishi gudu. Kaɗan-kaɗan, da ƙyar aka gane."

Na ce, "Kai fa, mi ya rage maka gudu?"

Ɗan kamasho ya yi kira, saura mutum ɗaya. Dogon ya miƙe da jakarsa. Tsohuwar ta ƙara damƙe rigar.

"Lurwanu, ina za ka?"

"Ba ko'ina, Inna."

Ya koma ya zauna. Muka tashi da wani a gurbinsa. Ta gilashi ina hangensa yana hura mata shayi don ya huce.