Zagaye na Uku a Filin Lakwal

Wata Laraba ce da hantsi, bayan an gama girbin gero, a shekarar da nake aji shida a Madarunfa. Malaminmu, Mushe Isa, ya jera mu a filin lakwal, wato makarantarmu ta boko, ba takalmi, zai zaɓi uku da za su je gasar gudu a Maraɗi. Babana, wanda bai taɓa taka makarantar ba, ya zo ya ɗaure jakinsa a gindin bishiyar bedi ya harɗe hannu. Ni ban damu da Maraɗi ba. So nake mutumin nan, da ke nome kunya biyu a gona kafin wani ya gama ɗaya, ya ga ɗansa ya yi wani abu.

Na kuma yi shiri, irin namu na yara. A ganinmu gudu a ƙirji yake, wanda ya fi riƙe numfashi shi zai fi nisa. Saboda haka duk yammar da muka kai awaki shan ruwa tafki sai mu tuɓe mu yi nutso, na gaɓa suna ƙirga mana. Ba mai daɗewata a ƙasan ruwa, har ana ce mini "ɗan kada". Zazzaɓin da ya kayar da ni sau biyu a daminar ban ɗauke shi komai ba, tunda na tashi har na yi roron wake.

Zagaye na farko ina gaba. Na biyu ma haka, da ƙyar. A na uku bakina a wangale, iska na shiga sosai, ƙirji ya cika fam, amma ƙafafuna sun zama kamar na aro. Zuciyata na bugawa a kunnuwana kamar ana daka. Ido ya yi duhu, na zube zaune a kan yashi, yara suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Da na ɗaga kai, Baba yana kwance igiyar jaki. A gida magana ɗaya ya yi, bai ma dube ni ba: "Ashe raggo na haifa."

Innata ce ta lura tafin hannuna ya yi fari fat, ta ja ni gidan likita. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, wani dattijo mai gajiyayyiyar murya, ya ja fatar idona ƙasa ya girgiza kai. "Hajiya, yaron ga masassara ta cinye jininai," in ji shi. Na ce masa ai ni ke da numfashi a garin nan. Ya yi dariya ya ce iska ba ta taɓa yi mini kaɗan ba, jini ne ke ɗaukar ta daga huhu ya kai wa ƙafafu, zuciya kuma ke tura shi. "Gona ta cika da dammai, amma amalanke guda gare ka, jakin kau ya gaji. Mi za ya kai gida?" Ya ce ko mai lafiya, iyakar zuciyarsa ce iyakar gudunsa. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce a yawaita mini wake da zogale da hanta.

Inna ta gaya wa Baba duka. Washegari a gona ya karɓe buhun gyaɗa daga kaina ya ba ƙanena. "Zamna inuwa, Sani," ya ce mini. Cikin watanni jinina ya dawo, na yi ƙarfi, na roƙe shi ya bar ni aikin maza. Ina! Kullum sai a inuwa. Wallahi zagin ya fi mini sauƙi a kan wannan tausayin, don wanda ake zagi ana sa ran wani abu daga gare shi.

Yau ina sauke siminti a Maraɗi daga safe har la'asar, in koma gida jiki duk ya mutu. Ƙarfin da ya yi jinkiri ya zo, har ya fara tafiya. Baba kuwa ya rasu yana tambayar Inna ko ina cin abinci, ko aikin bai yi mini yawa ba. Tun daga buhun gyaɗar nan, bai sake ganin na ɗauki kaya ba.